Wai mu ma muna da abin da za mu yi tafiya don mu ɗanɗana?

Direban_Khobar:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun makon jiya. Ina tuƙa wani Bature ɗan Sikotlan daga Khobar zuwa wurin aikinsa a Jubail a nan Saudiyya, kullum muna tare a hanya. Da ya dawo hutu na tambaye shi ina ya je, sai ya ce shi da abokansa uku kwana biyar suka yi suna zagaya gidajen da ake yin wiski a ƙasarsu. Su shiga wannan su kurɓa kaɗan, su rubuta abin da suka ji a ɗan littafi, gobe su wuce gaba. Wai wani ƙanshin hayaƙi yake, wani zuma, wani busasshen inabi. Bara kuma Jamus ya je saboda giyar sha'ir. Na san haramun ce, ba wannan nake tambaya ba. Abin da ya tsaya min shi ne da ya juyo ya ce, ku me kuke tafiya dominsa ku ɗanɗana? Wallahi na rasa amsa, kuma abin ya dame ni.
Tambayata biyu ce. Ta farko, waɗannan lemukan sha'ir da ke cike da firij a kowace baƙala, wato kantin unguwa, su Barbican da Moussy da Holsten, da gaske babu komai a cikinsu? Ta biyu, mu Hausawan nan da 'yan'uwanmu na Sudan, muna da abin sha na halal da ya kai mutum ya ɗaura ɗamarar tafiya dominsa?

AbuHafsat_Misfala:
Wa alaikumus salam. Malam Direba, ni da za ka ji shawarata da ka bar zancen nan. Muna zaune a ƙasa mai tsarki, me ya kai mu sha'awar yadda mashaya ke yawo? Abin da Allah ya kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, ba a yi masa ado da kalmomin zuma da inabi.

Ummu_Rayyan:
Malam AbuHafsat, ai bawan Allah ya faɗa tun farko ba halatta ta yake nema ba. Tambayarsa ta farko ma ta shafe mu duka, don yarana Barbican na rumman suke sha duk ranar Juma'a bayan abinci. Gara mu sani.

Injiniya_Yanbu:
Bari in sa baki, don na yi karatu shekara biyu a Abadin, kuma yankin Speyside da ya fi ko'ina yawan gidajen wiski a Sikotlan ba shi da nisa da can. Ban taɓa kai ta bakina ba, alhamdu lillahi, amma darasin sarrafa sinadarai ya sa na san yadda ake yin ta.
Sha'ir ake jiƙawa a ruwa kwana biyu ko uku, a shimfiɗa shi har ya fara tsiro. Tsiron nan shi ke farkar da abin da zai mayar da garin ƙwayar ya zama sukari. Sai a busar da shi da zafi don tsiron ya tsaya. Wannan shi ne malt da kuke gani a rubuce a jikin kwalba, kuma daga nan sunan Maltina ta gida ya fito. Har zuwa nan babu barasa ko ɗigo. Barasa tana shigowa ne idan an niƙa, an dama da ruwan zafi, an tace, aka zuba yis aka bar shi ya cinye sukarin. Idan an tsaya a nan an samu giya. Idan aka dafa ta a tukunyar tagulla aka kama tururin ya koma ruwa, sannan aka zuba a gangar katako, an samu wiski. Dokarsu ta ce sai ya kwana shekara 3 aƙalla a ganga a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari.
Hayaƙin da Baturenka ya ce, Malam Direba, daga wurin busarwa ne. Suna da wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da ake yankowa a fadama, a shanya, a ƙona kamar gawayi. Mutanen tsibirin Aila ne suka yi suna da ita.
Lemukan sha'ir kuma hanya biyu ake bi. Wasu ba a barin yis ya yi aiki a cikinsu ko kaɗan, ruwan malt ne da sukari da gas da ɗanɗanon 'ya'yan itace. Wasu kuwa giya ake yi cikakkiya sannan a cire barasar da inji. Shi ya sa a Turai za ka ga wata kwalba an rubuta 0.0, wata an rubuta ƙasa da 0.5, duk kuma ana kiran su marasa barasa. Barbican kamfanin Aujan na Dammam ne ke yin ta, su ne kuma masu Vimto da Rani a nan. Moussy asalinta Suwizalan, Holsten kuma Hambug ta Jamus. Abin da ke kasuwar nan ya bi ta hannun hukumar abinci da magunguna. Wanda ya fita waje shi ne ya kamata ya karanta jikin kwalba da kyau, don suna ɗaya kan zo da iri biyu.

AbuHafsat_Misfala:
To ka ji. Da bakinka ka ce wata giya ce aka cire mata barasa. Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hadisi ne sananne.

Ɗalibi_a_Madina:
Allah ya saka da alheri Malam AbuHafsat, hadisin ingantacce ne, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Amma a duba lafazinsa. Magana yake a kan abin sha wanda idan aka sha shi da yawa zai bugar. Ruwan sha'ir ɗin da ko katan guda ka shanye ba abin da zai same ka sai cikar ciki, bai shiga wannan hukuncin ba a wurin malamai da yawa. Inda aka fi jin saɓani shi ne wanda aka fara yin sa giya da gangan sannan aka tsame barasar, akwai masu ƙyamarsa saboda asalin aikin. Akwai kuma batun kamanceceniya, wato mutum ya zauna da kwalba yana kwaikwayon zaman mashaya, wannan niyya ce ke lalata shi.
Kar mu manta kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ana jiƙa masa zabibi ko dabino a ruwa ya sha, wato nabiz. A riwayar Ibn Abbas cikin Muslim yana sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Kenan tun can an san iyakar tana ga lokaci da canzawar abin.

Hajiya_Maiurno:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ce ke buga min. Da na ji an karanto abin da Injiniya ya faɗa sai na ce ikon Allah, wannan ai zirri'a ce yake ba da labari. Mu a Maiurno da Sinnar, can Sudan, tun watan Rajab ake fara shirin hilu-mur, abin shanmu na azumi. Dawa muke samu, feterita ja, mu jiƙa, mu shimfiɗa a kan buhu a ɗaki mai duhu, muna yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro da saiwa. Sai a kai rana ta bushe ƙarau, a niƙa. Rabin gari na dawar da ba ta tsira ba a dama shi kamar kunu mai kauri, a zuba garin zirri'a a kai, nan take za ka ga ya saki ya yi ruwa ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari ba. Sai kayan ƙanshi: citta, kirfa, hel, hulba, kamun, zoɓo, tsamiya. Kowace mace da hannunta. A rufe shi ya kwana ya ɗan yi tsami.
Ranar uwasa, wato ranar gasa ƙullun, ita ce ranar. Maƙwabta duk su taru, a hura wuta ƙarƙashin doka, wato faffaɗan kaskon gashi, a riƙa shafa ƙullun a kai siriri, ya gasu har ya yi duhu, a naɗe shi fale-fale. Duk unguwa sai ta san gidan da ake uwasa, ƙanshin har bakin kogi. Ranar azumi ka ɓalli guntu ka jiƙa a ruwa, ka tace, ka sa ƙanƙara da sukari. Sunansa ke nan, zaƙi-da-ɗaci. Na Umdurman daban, na Kurdufan daban, namu na Hausawa mun fi sa citta. Da za a jera min kofi biyar ido a rufe zan gaya muku wanne ne na ƙanwata.
Tun da yaƙi ya fito da mu a 2023 nake Jidda wurin ɗana. Na gwada yin sa a kan gas a bene, ya yi, amma babu hayaƙin itace, ba ɗaya ba ne. Ɗana Direba, ka gaya wa Baturenka akwai tsohuwar da za ta yi tafiyar kwana uku don kofi ɗaya na hilu-mur ɗin garinsu.

Direban_Khobar:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya, Allah ya zaunar da Sudan lafiya ku koma gida. Wannan magana ta shige ni.

Injiniya_Yanbu:
Amin. Hajiya, abin da kika ce ƙullu ya saki ya yi zaƙi, shi ne ainihin abin da ake koya mana a aji da zane a allo. Ku kun gaje shi daga iyaye. Bambancin kawai, ku kuna kai shi kan doka wuta ta tsayar da komai, su kuma su bar yis ya ci gaba. Haka ma kunun zaƙi na gida, masu yin sa da tsiron hatsi dabara ɗaya ce. Burukutu ma daga tsiron dawa take farawa, a wurin tsimawa ne hanya ta rabu.

Baba_Gadarif:
Ni na ga zamanin da ake sayar da giya a fili a Khartum. Ina saurayi ina ɗinki a kasuwa lokacin da Shugaba Numairi ya kawo dokokin shari'a na Satumban 1983, aka kwashe kwalabe aka zubar a kogin Nilu, jama'a na kallo. Amma marisa ta dawa da aragi na dabino ba su ɓace ba, sun koma bayan gida ne kawai. A watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne sharbot. Dabino ne ake dafawa da citta da kirfa a rufe shi, a sha bayan an ci naman layya don ya narkar da abinci. Kwana ɗaya lafiya lau. Amma na san gidajen da ake barin sa kwana huɗu da gangan, ana cewa ai sharbot ne. Duk shekara sai limamai sun yi huɗuba a kansa. Maganar Ɗalibi ta kwana uku ita ce ma'auni.

Zol_Kassala:
Baba ya yi gaskiya kan sharbot. Amma tambaya ta biyu fa, ku zo Kassala. Amare daga ko'ina a Sudan can suke zuwa bayan biki, su hau gindin duwatsun Taka, su sha ruwan rijiyar Totil, su zauna a kawo musu jabana. A gabanka za a soya gahawar a kan garwashi, a daka a turmi da citta, a dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a toshe bakin da zaren kaba don ya tace. Ga turaren wuta, ga gugguru. Ana yin zagaye, na farko shi ne bikir mai ƙarfi, na baya suna sassautawa. Mutanen Beja ba sa wasa da ita. Idan wannan ba tafiya don ɗanɗano ba ce, to mece ce?

Sani_Rusaifa:
Ni tambaya ce da ni a gefe. Wai da gaske ne an buɗe shagon giya a Riyad? Wani a wurin aiki ya ce yanzu kowa na iya saya.

Mai_Tarjama:
@Sani_Rusaifa ba haka ba ne, kada wani ya jefa ka cikin masifa. A watan Janairun 2024 aka buɗe shago a unguwar jakadu ta Riyad, an buɗe shi ne don ma'aikatan ofisoshin jakadanci waɗanda ba Musulmi ba, da rajista da ƙayyadadden kaso. Musulmi ba ya cikin lissafin. Haramcin a dokar ƙasa tun 1952 yake, zamanin Sarki Abdul'aziz, bayan wani ɗan gidan sarauta ya harbe mataimakin ƙaramin jakadan Ingila a Jidda a 1951. Baƙo irinmu da aka kama, bayan hukunci sai tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu, iƙama takardar zama ta tafi.

Nas_Bilkisu:
Tun da an zo nan bari in faɗi abin da na gani da idona a wurin aiki. An taɓa kawo mana samari biyu 'yan ƙasarmu da daddare, sun sha wani haɗi da aka dafa a ɓoye a cikin gida. Irin wannan haɗin yakan zo da guba mai suna metanol, wadda ke kashe jijiyar ido. Ɗaya ya tashi, ɗayan ya rayu amma bai ƙara gani ba. Shekararsa ba ta kai talatin ba, yana da mata da yara a gida suna jiran aike. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Don haka ina fahimtar tsoron Malam AbuHafsat.
Sannan ga masu shan ruwan sha'ir wai yana wanke ƙoda yana fitar da tsakuwa, wannan magana ta yi yawa a bakin mutanen nan. Yawan shan ruwa ne ke taimakon ƙoda. Masu ɗanɗanon tuffa da rumman ɗin nan sukari ne cike da su, mai ciwon suga ya kiyaye. Anti Ummu_Rayyan, sau ɗaya a mako ba laifi, kada dai ya zama na kullum.

Ummu_Rayyan:
Na gode ƙanwata. Ni abin da ya taɓa faruwa da ni ma ba na kwalba ba ne. Azumin bara waccan maigida ya sayo sobiya a leda a bakin hanya, aka manta leda ɗaya a bayan mota kwana biyu cikin zafin Makka. Da yaro ya ɗauko ta ledar ta kumbura tam, na buɗe sai ga kumfa da wani wari mai hawa kai. Na zubar a take, na wanke jug ɗin sau uku. Tun daga ranar nake sayen wadda za a shanye a daren kawai.

Ɗan_Shara_Mansur:
Anti, laifin zafi ne ba na sobiya ba. Ni a Makka aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja, ya bi ta Sudan ya tsallako ta Sawakin. Sobiya ta gaskiya sha'ir ce ko busasshen burodi, a jiƙa, a tace, a sa hel da kirfa da sukari, a ba ta kwana ɗaya zuwa biyu sannan a sa ta cikin sanyi. Akwai fara, akwai ja, akwai ta zabibi. Mutanen Jidda suna tuƙo mota har Makka da la'asar su shiga layi don sobiyar gidan da suka yarda da shi, su koma kafin a sha ruwa. Mutanen Madina kuma su ce tasu ta fi. Wannan gardamar ta girme ni.
Kuma batun hayaƙi da ake ta yi, mu ma muna da shi. Tsofaffin Hijaz ba sa zuba zamzam a tulu sai sun turara shi da mustaka, wani ƙaro mai ƙanshi. A ɗora ƙwayar a kan garwashi, a kife tulun ko kofunan a kai su sha hayaƙi, sannan a zuba ruwa. Wanda ya saba da shi, ruwan gora ba ya kashe masa ƙishi.

Goggon_Yara:
Kamar jema ke nan da muke sakawa a randa a gida. Sabuwar randa, a turara ta, a jefa saiwar jema. Wayyo, ka tuna min da ɗakin innata a Gumel.

MaiGahawa_Jizan:
Malam Direba, amsar tambayarka ta biyu tana nan kudu, kuma ba sai ka nemi biza ba. Shekara shida ina aiki a gonar gahawa a Dayir Bani Malik. Duwatsun Jizan, su Faifa da Dayir da Raith da Harub, nan ake noman gahawar Khaulani a kan gonaki masu hawa-hawa da aka gina da dutse tun kakanni. Dutsen Faifa ya kusa mita 1,800, da safe hazo yana ƙasa da kai. A 2022 aka sa wa shekarar suna shekarar gahawar Saudiyya, a shekarar ce kuma UNESCO ta sa ilimin noman Khaulani cikin kayan gadon duniya.
Da hannu muke tsinka, ja kawai, ɗanyen a bar shi sai an dawo. A shanya a inuwa da rana makonni, sannan a ɓare. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ake dafawa da citta a sha, ana kiran sa gishr. Masu saye suna zuwa daga Riyad da Jidda da cokulansu. Su jera kofuna, su zuba ruwan zafi a kan garin, su sunkuya su shaƙa, su zuƙa da ƙarfi har da ƙara, su tofar, su rubuta maki. Ranar da na fara gani na ɗauka wasa ne, sai da ɗaya ya ware buhu guda ya ce wannan an shanya shi a ƙasa mai danshi. Kuma haka ne, ni na shanya shi. Daga ranar na fara koyo, yanzu ina iya bambance ta kan tudu da ta gangare.
Ko a dafawa ma ƙasar nan ba ɗaya ba ce. Ta arewa, wajen Ha'il da Jauf, suyarta ta fi duhu. Ta Najd ruwan zinariya ce da hel da za'afaran. Tamu ta kudu fara-fara ce, ga citta da kirfa. A zuba da hagu a miƙa finjali da dama, kaɗan a gindin kofi, in ka ƙoshi ka girgiza shi. Ka haɗa da dabino: sukkari na Ƙasim, khalas na Ahsa wanda ke kusa da kai, ajwa ta Madina. Mutum zai iya wata guda yana yawo a kan wannan kaɗai.

Alhaji_Fagge:
Yara, kuna ta neman abin a wurin Larabawa da Sudaniyawa kun manta da naku. Me ya kai kakanninmu Gwanja? Watanni suna tafe da jakuna daga Kano zuwa Salaga, ba don zinariya ba, don goro. Kuma dattijon da ya san goro, ya ɓare ya ɗan ciza, zai gaya maka wannan ɗan Gwanja ne, wannan na ƙasar Yarbawa ne, wannan daushe ne ya kwana shekara a ganye. Goron Laboji na ƙasar Nufe kuwa na sarakuna ne. Haka Bafulatana za ta ɗanɗani nono ta ce wannan na damina ne, wannan saniyar harawa ta ci. Harshe muna da shi, rubutawa ce ba mu yi ba.

Zol_Kassala:
Alhaji, furar ma ta zo Sudan tare da mu, godogodo ake ce mata, har Larabawa na layi a kanta. Agashe kuma kowa ya san na Hausawa ne.

Ɗan_Shara_Mansur:
Nan Hijaz kuma siriya, tsire ne aka juya sunan.

AbuHafsat_Misfala:
Na karanta duka, kuma na ji daɗin maganar Hajiya da ta Nas. Ban ce gahawa ko hilu-mur haramun ba ne. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da mutum ya kashe riyal dubbai ya tafi wani gari saboda maƙogwaro ba, alhali 'yan'uwa a gida da Sudan suna neman na masara. Kuma ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku.

Ɗalibi_a_Madina:
Malam, hadisin masallatai uku yana magana ne a kan tafiyar ibada zuwa wani wuri don neman falalarsa. Tafiyar fatauci, neman ilimi, zumunci ko buɗe ido ba ta cikinsa, in ba haka ba da fataucin Gwanja da Alhaji ya ambata ma ya haramta. Batun almubazzaranci kuwa ina tare da kai, kowa ya auna aljihunsa da haƙƙin da ke kansa. Abin da zan ƙara wa Malam Direba shi ne, ko da aiki ya kai ka ƙasarsu, an hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko ba ka sha ba.

MaiGahawa_Jizan:
Malam AbuHafsat, baƙin da ke zuwa ɗanɗanon nan su ke sa a biya mu albashi, daga ciki nake aika wa mahaifiyata. Ta wannan gefen ma a duba.

Injiniya_Yanbu:
Akwai abin da na manta. Tukunyar tagullar nan da ake kama tururi da ita, wanda yake son ganin ta yana aiki a halal ya je Ɗa'if tsakanin Maris da Afrilu. A Hada da Shafa ake tsinke furen wardi da asuba kafin rana ta taɓa shi, a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta, tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya ɗiga a kwalba. Man ya taso sama a kwashe, a sayar da shi tola-tola, ruwan kuma a sa a shayi da kayan zaƙi. Da irinsa ake haɗa zamzam a wanke Ka'aba. Na'urar nan, malaman Musulunci irin su Jabir bin Hayyan da Alkindi sun yi aiki da ita tun kafin a san wiski, sunanta na Turanci daga al-anbiƙ aka ɗauko. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita daga al-kuhl ta fito, wato kwalli. Na tsaya a gidan wardi a Shafa bara, abin da na karanta a Abadin ne sak, sai dai ƙanshin da ke fita daban.

Goggon_Yara:
Kwalli dai da muke sawa a ido? Allah mai iko.

Direban_Khobar:
Jama'a na gode ƙwarai. Yau a hanya na karanta wa mutumin nawa wasu daga cikin amsoshinku, na fassara masa gwargwadon iyawata. Maganar zirri'a ce ta fi kama shi, ya yi ta tambaya wace irin dawa ce, kwana nawa take tsiro. Ya ce a tambayi Hajiya ko ana samun hilu-mur a Dammam. Ni kuma na yanke shawara hutun da ke tafe zan fara da Ahsa tunda tana kusa, in Allah ya hore in gangara Jizan.
Amma tambayata ta farko har yanzu da saura. Injiniya ya ce hanya biyu ce. Ta yaya zan gane wacce aka bi a kwalbar da ke hannuna?

Injiniya_Yanbu:
Ba kullum ake rubutawa ba. Ka duba jerin kayan haɗi da abin da aka rubuta game da barasa, in kana son tabbaci ka rubuta wa kamfanin ta lambar da ke jikin kwalbar, suna amsawa.

AbuHafsat_Misfala:
Ni dai na bar su gaba ɗaya tun tuni, zoɓo ya ishe ni. Ka bar abin da ke sa ka kokwanto.

Ummu_Rayyan:
Ni kuma zan ci gaba da saya wa yara na nan ƙasar, sai dai zan rage saboda sukarin da Nas ta faɗa.

Hajiya_Maiurno:
Ɗana Direba, a shagunan Sudaniyawa ake samu in azumi ya matso, amma na kasuwa ba a sa masa kayan ƙanshi yadda ya kamata. Ina da ragowar na bara guda shida a cikin kwali. In akwai mai zuwa Dammam daga Jidda a satin nan ya yi magana da jikata, zan ba da biyu, ɗaya naka ɗaya na baƙonka. A jiƙa shi awa uku a ruwan sanyi, kada a sa ruwan zafi, kuma a tace da ƙyalle ba da rariya ba.

Sani_Rusaifa:
Hajiya, ni zan bi motar kaya zuwa Dammam ranar Laraba in sha Allah. Zan iya karɓa.